Ige, Mai Zuwa Da Ƙafa

"Ba za ku zauna ba, Baba," in ji Ige.

"A falona?"

"A falonku. Yau ɗaya dai."

Baba Ige, mahaifinta, ya ɗage dutsen guga daga kan babbar rigarsa, ya jingine shi a tsaye. "Kujerar nan ni na saye ta. Janareton da za a tayar nawa ne. Ke kanki da za su gani a cikin kwamfutar, tawa ce. Sai ni ne ba za a gani ba?"

"Ba bikin suna ba ne. Ganawa ce. Mutum uku za su yi mini tambayoyi. In sun gamsu, su ɗauki nauyin digirina na uku, karatu da masauki da abinci har in gama. In ba su gamsu ba, in koma aji in ci gaba da shaƙar alli."

"Shaƙar alli ba haram ba ne."

"Ku zo ku shaƙa na mako ɗaya."

"Ji bakinta. Sikira, kina jin 'yarki?"

Iya Ige, wato Sikira, tana zaune a ƙofar kicin da tire a cinya, tana tsinkar ganyen ayoyo. Ba ta ɗago ba. "Ina jin ku duka biyu."

Ige malamar tarihi ce a wata sakandare a Molete, cikin Ibadan. Ta daɗe tana neman hanyar fita daga ajin nan. Bana wata jami'a a ƙasar sanyi ta buɗe gurbi ɗaya tak, da cikakken tallafi, ga mai son yin bincike a kan tarihin haihuwa da maganinta. Mutane da yawa sun nema. An tace, an sake tacewa. Ige ta rage a cikin 'yan ƙalilan.

Abin da ta rubuta musu mai sauƙi ne. Takardun tsofaffin gidajen haihuwa na Ibadan, gara ta ci rabi, ambaliya ta tafi da saura. Amma mu Yarabawa ba ma bukatar takarda. Yadda yaro ya fito, haka ake kiransa. Wanda ya zo da igiyar cibiya a wuya, Ojo ne, in mace ce Aina. Wanda ya zo a kife, Ajayi. Wanda ya zo a cikin rigarsa, Oke. Wanda ya ƙi sako kai ya sako ƙafa, Ige. Kowa yana yawo da labarin naƙudar uwarsa a goshi.

Sai ta bi unguwarmu ta Oje gida-gida tana tambayar sunaye, ta gano abin da duk muka sani amma ba mu taɓa kula ba. Ige sun yi yawa. Littafin likitoci ya ce masu zuwa da ƙafa kaɗan ne a ko'ina a duniya. A Oje, ka tsaya a tasha ka ce "Ige!", direba zai waiwayo, kwandasta zai waiwayo, mai gasa masara ma za ta ce na'am. Me ya sa jariran unguwa ɗaya suke juya wa duniya baya? Ruwan rijiya ne? Kayan da mata suke ɗauka a ka suna hawan tudu? Wannan tambayar ce ta kai ta matakin ƙarshe.

Kuma yawancin Igen nan hannu ɗaya ya karɓe su. Hannun Mama Abiye, tsohuwar ungozoma. Masu tallafin suka ce suna son ganin ta, su tabbata tana raye, kuma za ta yi magana.

"To ni ba shaida ba ne?" in ji Baba Ige. "Sunana ma na haihuwa an manta da shi a garin nan. Wa ke cewa Ganiyu? Baba Ige, Baba Ige. In ana maganar Ige, wa ya fi ni haƙƙin magana?"

"Na san labarin, Baba."

"Turawan ba su sani ba."

Duk Oje an san labarin. An ji shi a suna, an ji shi a makoki, an ji shi a layin mai. Ranar ana ruwa. Ganiyu tela ya rufe shago ya ɗauki matarsa a baya, ya haura tudu da ita har gidan Mama Abiye. Ya tsaya a bakin ƙofa tun hantsi, ruwa na dukansa, da wata 'yar hula a aljihu wadda ya ɗinka da hannunsa saboda abin da za a haifa. Can ƙofa ta buɗe. Mama Abiye ta fito tana share gumi, ta ce Ige ce, da ƙafa ta zo, matarka ta leƙa lahira ta dawo. Ganiyu ya faɗi ƙasa. Ya yanka rago. Ya hana matarsa taɓa taɓarya, ya hana ta zuwa kasuwa, shi da kansa ya riƙa ɗebo ruwa har wuyan jaririya ya tsaya. Maza suka yi ta masa dariya, bai damu ba. 'Yar hular tana nan har yau a cikin kabad ɗin gilashi na falo, tsakanin kofunan da ba a shan komai da su.

"Za ku fara da ruwan sama," in ji Ige, "kafin ku kai ga ragon lokacina ya ƙare."

"Zan taƙaita."

"Ba ku taɓa taƙaitawa ba."

Ya ɗauki dutsen gugar ya danna wa rigar da ƙarfi. An ɗauke wuta tun ɗazu, dutsen ya huce. Bai lura ba.

Bayan azahar keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Gwaggwaro ne ya fara fitowa, sai sanda, sai Mama Abiye. Ta haura tamanin. Ba ta ji sosai da kunnen hagu, kuma ita ke zaɓar abin da zai bi ta hagun. Tana budurwa ta koyi aiki a gidan haihuwar mishan, daga baya ta buɗe nata ɗaki biyu a bayan gidanta. Ba ta ɗauki kanta ƙaramar mace ba, kuma ba wanda ya taɓa gwada mata hakan.

Ige ta durƙusa har ƙasa. Iya Ige ta fito ta durƙusa. Baba Ige ya duƙa ya taɓa ƙasa da yatsu.

"Ganiyu, cikin ne ya hana ka kwanciya ka gaishe ni?"

"Gwiwa ce, Mama."

"Gwiwar ta yi ƙiba. Ina za ka da wannan riga kamar mai neman sarauta?"

"'Yata za ta gana da Turawa."

"Ita za ta gana. Kai fa?"

Ya tafi ya ja igiyar janareto.

Ige ta zaunar da tsohuwar a gaban kwamfuta, ta gyara mata matashi. "Mama, kun tuna abin da muka yi magana. Za su tambaye ku aikin mishan, da yadda kuke karɓar yaron da ya zo da ƙafa."

"Na karɓi yara kafin a haifi uwarki. Ba sai an yi mini bita ba."

"In sun tambayi dalilin yawan Ige fa? Har yau ba ku faɗa mini ba."

"Na ce miki ba a dafa miya sau biyu. In baƙin sun zo, kowa ya ci da zafinta."

Sau uku Ige ta yi mata wannan tambayar a baya, amsar ke nan kullum. Ta ɗauka tsohuwar za ta ce rijiya ce, ko aljanun tudu, ko wani ganye da mata ke sha. Duk wanda ta faɗa zai shiga littafi.

"Kuma da Yarabanci zan yi," in ji Mama Abiye. "Turanci ba shi da bakin faɗar naƙuda. Ke ki juya musu."

Aka yi sulhu da Baba Ige. Ba zai shiga falo ba, ba zai bar gida ba. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin babbar riga da hula, inda idon kwamfutar ba ya kaiwa. Iya Ige ta ɗora ruwan amala.

Fuskoki uku suka bayyana a allon kwamfutar. Ta tsakiya wata farar mace ce mai guntun gashi fari, da kofin shayi a hannu, Farfesa Halloran, shugabar binciken. Sauran biyun maza ne, aikinsu gyaɗa kai da rubutu.

Ige ta yi bayaninta. Ya yi kyau. Ta nuna musu taswirar unguwa da ɗigo-ɗigon ja, kowane ɗigo Ige guda. Kewayen gidan Mama Abiye ya yi ja kamar an zubar da manja. Mazan biyu suka gyaɗa kai. Daga bakin ƙofa Baba Ige ma ya gyaɗa, ko da yake rabin Turancin ya wuce shi.

Sai Farfesa ta gaida Mama Abiye. Mama ta karɓa da ka, kamar wadda aka biya tsohon bashin gaisuwa. Aka tambaye ta mishan, ta faɗi yadda ake tafasa almakashi, da yadda wata sista mai jan hanci take duba musu farce kowace safiya. Aka tambaye ta yaro mai zuwa da ƙafa, ta ajiye sanda ta nuna da hannu biyu: kar ka ja, ka bar shi ya rataya, ka nemi baki da yatsa. Ige tana juyawa, mazan suna rubutu. Komai na tafiya daidai.

"Tambaye ta," in ji Farfesa, "a ganinta me ya sa suka yi yawa haka a unguwarta?"

Ige ta tambaya.

Mama Abiye ta buɗe jaka ta ciro namijin goro, ta gatsa, ta tauna. Ta gyara gwaggwaro.

"Ni na yi su," ta ce.

Ige ta dube ta. "Kuna nufin ku kuka karɓe su."

"Na ce ni na yi su. Juya musu."

Ige ta ce wa Turawan Mama ta ce yawancinsu ta hannunta suka biyo. Suka gyaɗa kai.

"A mishan," in ji Mama Abiye, "sistoci sun koya mana mai jego hutu take bukata. Hutu da abinci. Magana mai kyau. Sai ki sallami mace ta koma gida, kwana uku ki gan ta a bakin turmi tana kirɓa sakwara. Mako bai cika ba ki gan ta a kasuwa da kwandon doya a ka, jini na bin ƙafarta. In ki yi wa mijin magana ya ce uwarsa a gona ta haife shi, ta goya shi ta ƙarasa kunyar da take nomawa. Duk mazan Ibadan a gona aka haife su, in kin biye musu. A shekara ɗaya na raka mata biyu kabari. Haihuwa lafiya, yara lafiya. Turmi ne ya kashe su."

Ige ta juya wannan kalma da kalma. Farfesa ta ajiye kofinta.

"Sai ran nan aka kawo mini wata, yaron ya zo da ƙafa da gaske. Na sha wuya. Na fito na ce wa mijin Ige ne. Mutumin nan mahauci ne, ƙato, ko sannu ba ya ce wa matarsa. Sai na ga tsoro ya kama shi. Na ce kar ta taɓa taɓarya, ya ce to. Na ce farfesu kullum, ya ce to. Na ce tabarmarta ba taka ba ce sai na ba da izini, ya haɗiye yawu ya ce to. Na koma ciki na zauna. Na ce af, ashe ga allurar da sistoci ba su da ita a kabad."

Ige ta daina juyawa.

"Daga ranar, wanda duk na ga matarsa na bukatar hutu kuma shi ba zai bayar ba, ɗansa Ige ne. Namiji ba ya shiga ɗakin haihuwa. Daga ni sai uwar. In raɗa mata a kunne, da ƙafa ya zo, kin ji ko? Ta ce na ji, Mama. Ba wadda ta taɓa yi mini gardama. Wata ma tun kafin kai ya gama fitowa take cewa, Mama, ba ƙafa ba ce wannan?"

Tsohuwar ta yi dariya har sandarta ta faɗi. A kicin, muciya ta tsaya, ta ci gaba.

Fuskoki uku suna jira. Ige ta dubi taswirarta. Watanni tana hawa da sauka a tudun Oje, takalmi biyu ta kashe. Ta buɗe baki da Turanci, a hankali. Ta ce Mama tana cewa a wancan zamani, saboda ƙarancin kayan aiki, akan samu ɗan saɓani nan da can wajen tantance yadda jariri ya kwanta.

Wannan bai bi ta kunnen hagu ba.

"Yarinya, ba haka na ce ba," in ji Mama Abiye, da Turancin sistoci, tsaf kamar an yi masa guga. Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika allon. "Madam, ba saɓani. Na san kai, na san ƙafa. Ƙarya nake yi wa mazajensu. Shekara da shekaru. Kuma ko ɗaya bai kama ni ba."

Ta maimaita musu duka, da mahaucin, da farfesun, da tabarmar. Ɗaya daga cikin mazan ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Farfesa ba ta ɓoye tata ba. Ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido.

Ige ba ta yi ba.

"Yaya kike gane wanda za ki yi wa?" in ji Farfesa.

Mama Abiye ta koma Yarabanci, ta zunguri Ige da gwiwar hannu. "Juya, kuma wannan karon ki juya daidai. Ba wuya. In na buɗe ƙofa, ba na cewa komai. Sai in tsaya ina share gumi, in jira tambayar farko. Wanda ya ce, Mama, yaya take? Wannan a ba shi ɗansa yadda ya zo. Wanda ya ce, me aka samu, namiji ne? Ige. Wanda ya ce, yaushe za ta koma rumfa? Ige. Wanda ma bai zo ba, sai an je an ɗauko shi a wurin dara, wannan Ige ne har da igiya a wuya in na ga dama."

Ige ta juya daidai. A bakin ƙofa, Baba Ige ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar.

Dariya ta lafa. Farfesa ta mayar da tabarau, fuskarta ta koma ta aiki.

"Malama Ige, kin gane abin da wannan ke nufi. Tambayar da kika kawo mana ita ce me ya sa jariran unguwarku suke zuwa da ƙafa. Yanzu mun ji ba sa zuwa. Me ya rage a hannunki?"

Janareto na ta ruri a tsakar gida. Ige ta ji ƙanshin alli a hancinta, ƙarara, kamar tana gaban allo ranar Litinin. Ta dubi ɗigon jan nan. Ta daɗe tana dubawa.

"Taswirar ba ta yi ƙarya ba," ta ce. "Ni ce na karanta ta a juye. Na ɗauka ina ƙirga cuta, ashe magani nake ƙirgawa. Kowane ɗigo mace ce da aka rubuta wa hutu. Ba kwalba, ba allura, ba takarda. An rubuta shi a sunan ɗanta, inda mijin zai riƙa karantawa kullum da bakinsa. Ban san wani littafin tarihin magani da ya kawo wannan ba. Kuma ban yarda Mama kaɗai ta yi ba. Akwai unguwanni, akwai tsofaffi irinta."

"Ba irina," in ji Mama Abiye. "Amma akwai masu kwaikwayo. Wata a unguwar Beere ta yi ta yi ba lissafi har aka fara zarginta."

Mazan biyu suna rubutu da sauri yanzu. Farfesa ta jingina.

"Wannan ya fi abin da kika aiko mana," ta ce. "Ya fi shi nesa. Amma akwai rami a gabansa. Wasu Igen na gaske ne. In ba za ki iya raba su da na ƙirƙira ba, labari ne mai daɗi kawai, kuma ba ma biyan kuɗin labari mai daɗi. Mama za ta faɗa miki wane ne wane?"

Ige ta juya ga tsohuwar.

"A'a," in ji Mama Abiye. "Abin da na yi, nawa ne, na faɗa. Wadda na yi wa, nata ne. Kuma na tsufa, wasu sun cakuɗe mini. Na taɓa haɗuwa da wani a coci na rantse na gaske ne, uwarsa ta kashe mini ido."

"Iyaye matan fa?" in ji Farfesa.

"Mace ta ci farfesun wata uku a kan ƙarya, ki ce ta faɗa mijin na raye? Madam, kina da aure kuwa?"

Farfesa ta ce ta taɓa yi. Mama ta ce to.

Ige ta waiwaya. Idonta ya sauka a kan kabad ɗin gilashi, ya tashi.

"Mazan," ta ce. "Su za a tambaya. Kowane uban Ige yana da labarin ranar, kuma yana son bayarwa. Ba sai na tambaye shi kai ne ko ƙafa ba, bai gani ba. Tambayar da ya yi a bakin ƙofa kawai nake bukata. Ita ce ma'aunin."

"Za su tuna?"

"Suna tuna launin ragon."

"Za su faɗi gaskiya? Nan ne nake shakka. Mutum yakan gyara labarinsa in ya daɗe yana ba da shi. Da zan ga an yi ko sau ɗaya, da hankalina ya kwanta." Farfesa ta dubi takardar gabanta, ta ɗago. "Ke ma ai sunanki ke nan. Mama ce ta karɓe ki?"

"Ita ce."

"Mahaifinki yana raye?"

"Yana bakin ƙofa."

Duk falon ya juya. Baba Ige yana nan inda aka ajiye shi, sai dai ya ɗan ja baya, ƙafa ɗaya a waje.

"Baba, ku shigo. Suna son ganin ku."

"Ai kin ce ba bikin suna ba ne."

"Sun ce ku zo."

"Bari in duba janareton. Kamar mai ya yi ƙasa."

"Ganiyu," in ji Mama Abiye, "tun safe ka goge riga. Zo Turawa su ga aikin."

Ya shigo. Daga ƙofa zuwa kujerar taku kaɗan ne, amma ya yi su kamar mai haura tudun Oje da mace a baya. Ige ta tashi ta ba shi wuri, ta durƙusa a gefensa. Ya gaida Turawan da Turancin shago. Farfesa ta ce ta ji an ce yana da labari, kuma abin da zai faɗa zai taimaki 'yarsa ƙwarai.

"Ƙwarai?" ya tambayi Ige a hankali.

"Gurbin ɗaya ne, Baba."

Ya gyara hula. Ya fara da ruwan sama. Ige tana juyawa. Ya rufe shago, ya ɗauki Sikira, ya haura tudu. Muryarsa ta fara dawowa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na dukansa. Nan ne kullum 'yar hular take shigowa. Yau bai ambace ta ba.

"Can ƙofa ta buɗe," ya ce. "Mama ta fito tana share gumi. Ta ce Ige ce. Sai na faɗi ƙasa. Ragon kuwa, fari ne, mai baƙin..."

"Baba."

"...mai baƙin kunne, na saye shi a hannun wani..."

"Baba, ku dakata."

Ya dakata.

Iya Ige ta fito ta tsaya a ƙofar kicin da muciya a hannu, amala na ɗiga daga bakinta. Ba ta kallon mijinta. Silin take kallo, ta cije leɓe. Mama Abiye ta sake gatsar namijin goronta, ta juyo da kunnen dama. A cikin kwamfuta mutum uku sun ɗaga alƙalami. A cikin kabad, tsakanin kofuna, 'yar hular tana zaune, hular maza, ɗinkin mai jiran ɗa namiji, da aikin zare a gefe.

Ige ta dafa gwiwar ubanta.

"Da ƙofar ta buɗe, kafin Mama ta ce komai, me kuka fara tambaya?"